Daga Lafiya Zuwa Boston, Inda Ake Neman Hanyar Kai Magani Cikin Gwiwa

Abokina, tun da na dawo kake tambayata abin da na gani a Amurka, kullum ina ce maka sai mun zauna. To ga shi na rubuto maka, ka karanta a tsanake.

Da asuba muka bar Lafiya ta hanyar Akwanga. Ka san hanyar ba sai na faɗa maka ba: a wuce Shabu, a hau tsaunukan Nasarawa Eggon inda a da fasinja ke ta salati har a gangara, yanzu kuwa da aka tagwaita titin an sami sauƙi. Daga nan Akwanga, Garaku, Keffi, sai cunkoson Masaka da Mararaba, wanda ke nan yadda ka san shi. A Akwanga wata dattijuwa ta ce a sauke ta. Sai da mutum biyu suka kama ta kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa, tana dafe da gwiwa tana cewa sanyi ne ya kama ta tun damina. Direba ya ce Allah Ya sawwaƙe, muka amsa da amin, aka ja mota. Ban san cewa irin wannan gwiwar zan je in yi ta kallo a can ba.

Ɗan yayata ne ya gayyace ni. Yana digirin digirgir a wata jami'a a birnin Boston, kuma bincikensa a kan wannan ciwon ne da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, wanda ke cinye guringuntsin gaɓa sannu a hankali har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Mahaifiyarsa ta daɗe tana sallah a zaune saboda shi. Ta ba ni kuka da daddawa da riɗi in kai masa, ta kuma ba ni saƙon baki: in tambaye shi ko maganin da yake haɗawa ya kusa fitowa. Ni a lokacin iyakar sanina game da guringuntsi shi ne wannan farin abu mai ƙaras-ƙaras da muke taunawa a bakin ƙashi idan an yi farfesu.

Daga Abuja muka tashi zuwa Santambul ta ƙasar Turkiyya, inda zan canza jirgi. Filin jirginsu gari guda ne, daga wannan ƙofa zuwa waccan sai ka yi tafiyar da ta kai daga fadar Sarkin Lafiya zuwa kasuwa ka ƙara. Tsofaffi a wasu 'yan motocin lantarki ake kwasarsu. Na shiga masallacin filin jirgin, sai na ga kujeru jere a baya, dattawa zaune a kai suna sallah: Turkawa, Larabawa, mutanen Asiya, da 'yan'uwanmu baƙaƙe masu dawowa daga Umara. Na tsaya ina kallonsu. Mu a gida mun ɗauka wahalar gona da ruwan damina ne ke kawo mana wannan ciwo, ga shi kuma mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun kasa sujada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Adadin ya ninka abin da yake a 1990 har ya ɗan ɗara.

Filin jirgin Boston, wanda suke kira Logan, a bakin teku yake, har sai ka ga kamar cikin ruwa jirgi zai sauka. Watan Oktoba ne, agogonsu yana bayan namu da awa biyar, ganyen itatuwa ya rikiɗe ja da ruwan ɗorawa, sanyi kuma irin wanda hunturunmu bai san shi ba. Yaron ya tarbe ni da wata rigar sanyi mai kauri ya ce, "Kawu, sa wannan tukuna, gaisuwa sai a mota." Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne motar bas ɗinsu. Idan ta tsaya a tasha sai ka ji ta yi huci, gabanta ya sunkuya har ya kusa daidai da bakin titi, don tsoho ko mai keken guragu ya shiga ba tare da ya ɗaga ƙafa sosai ba. Kowace kusurwar titi kuma an yi mata gangare. Na tuna kwalbatocinmu marasa murfi, da yadda tsohuwa ke fama kafin ta hau Keke Napep, balle acaɓa. Ciwon ɗaya ne, amma garinsu an gina shi da tunanin mai ciwon.

Kashegari muka shiga jirgin ƙasa, ya haura gada a kan kogin Charles zuwa Kambirij, garin da ke tsallaken Boston, inda jami'ar Harvard take da kuma cibiyar fasaha ta MIT da aka kafa a 1861. A unguwar Kendall muka sauka. Duk ginin gilashin da ka nuna sai yaron ya ce kamfanin magani ne ko ɗakin bincike. Ya nuna mini na Moderna, masu allurar korona, ya ce, "Kawu, ai ƙwayoyin nano sun daɗe da zuwa Lafiya." Ya yi mini bayanin cewa allurar Moderna da ta Pfizer, waɗanda aka yi ta yi wa mutane a Najeriya, saƙonsu a cikin wasu ƙananan ƙunsoshin maiƙo ake naɗe shi, kowane ƙunshi kimanin nanomita 100. Nanomita kuwa, a raba milimita ɗaya gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kanka ya kai nanomita dubu 80 ko fiye. Ya ce tun 1995 Amurka ta amince da maganin daji mai suna Doxil wanda aka naɗe a irin wannan ƙunshi. Wato fasahar ba sabuwa ba ce, gwiwa ce ta ƙi ba ta hanya.

A ɗakin bincikensu aka ba ni farar riga da tabarau na kariya. Ina ta zuba ido in ga wata na'ura mai ban tsoro, sai yaron ya buɗe akwatin ƙanƙara ya fito da gwiwar maraƙi. Gwiwar maraƙi sak, abokina, irin wadda mahauta ke sara mana da gatari. Daga mayanka ake kawo musu ita da ɗanyenta. Ya feɗe ta a hankali, guringuntsin ya bayyana fari tas yana sheƙi, ya sa wani ɗan bututu mai kaifi ya riƙa cire 'yan faya-faye masu faɗin milimita 3, yana jefa su a ruwan da zai raya su. Ya ce ƙwayoyin halittar da ke ciki za su ci gaba da rayuwa na makonni, a kansu ake gwada magani kafin a je ga dabba.

A nan ya zaunar da ni ya karanta mini karatun da ban taɓa ji ba. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Mafi yawansa ruwa ne, kashi 65 zuwa 80 cikin 100, sauran kuma wata matsattsiyar saƙa ce ta zaruruwa, ƙwayoyin halittar da ke gina shi 'yan kaɗan ne a warwatse can ciki. Saboda haka ƙwayar da ka haɗiya, jini zai zagaya da ita ciki da hanta da ƙoda, amma ba shi da hanyar da zai kai ta tsakiyar guringuntsi. Na ce to a yi allura a cikin gwiwar mana. Ya ce ana yi, amma fatar da ke lulluɓe gaɓar tana tsotse ruwan ciki kullum tana sabunta shi, ƙaramin magani cikin awanni ya fice, babba kuma 'yan kwanaki. Wanda ya rage ma, ƙofofin saƙar nan sun yi masa ƙanƙanta. Abin da ya wuce kimanin nanomita 10 da wuya ya ratsa lafiyayyen guringuntsi. Ya ce akwai sinadarai da dama da aka san suna sa ƙwayoyin guringuntsi su yi gini ko su daina rushewa idan an zuba musu kai tsaye a kwano, amma a jikin mutum ba sa isa inda ake so, ba sa kuma daɗewa.

Dabarar da suka gano ta ba ni sha'awa ƙwarai. Saƙar guringuntsi cike take da cajin lantarki mai alamar ɗebewa, irin alamar da ke gindin batir. Duk abin da ke ɗauke da caji mai alamar tarawa, za ta jawo shi. Sai a ƙera 'yar ƙwaya ƙarama ƙwarai mai wannan caji, a ɗaura mata magani, ita kuma ta shige da shi. Amma fa da ma'auni. Ɗauki misalin ɗan aike da aka tura cikin gidan sarauta: in bai san kowa ba a ƙofa za a mai da shi, in kuma ya cika son mutane sai ya zauna a zauren farko ana hira saƙo bai shiga ba. Wanda ake so shi ne mai miƙa hannu a gaisa, ya saki, ya wuce zaure na gaba har ya kai ciki. Caji ya yi kaɗan, ƙwayar ba ta kamawa. Ya yi yawa, ta manne a sama, ta kuma iya cutar da ƙwayoyin halitta.

Ya ba ni misalai biyu, dukansu a wannan gari aka yi su. Farfesa Alan Grodzinsky na MIT ya shafe shekaru da dama yana nazarin guringuntsi, kuma ɗalibarsa Ambika Bajpayee, wadda yanzu ke koyarwa a jami'ar Northeastern, ta nuna cewa wani furotin mai suna abidin, wanda ake samu a farin ƙwan kaza, girmansa kimanin nanomita 7 ne kuma yana da cajin da ake buƙata, don haka yana ratsa guringuntsi ya kai maganin kumburi ciki. Farin ƙwai fa! Na biyu shi ne aikin da Brett Geiger da Farfesa Paula Hammond da shi Grodzinsky suka wallafa a watan Nuwamba na 2018. Ita Hammond baƙar fata ce haifaffiyar birnin Detroit, ta shugabanci sashen injiniyancin sinadarai na MIT daga 2015 zuwa 2023. Sun ƙera wata ƙwaya mai rassa, suka rufe wani ɓangare na cajinta don kada ya yi yawa, suka ɗaura mata wani sinadarin jiki mai suna IGF-1 da ke sa guringuntsi ya yi gini. Da aka yi wa ɓerayen da suka ji rauni a gwiwa allurarta, maganin ya daɗe a gaɓar ninki goma na yadda yake daɗewa shi kaɗai, ƙarfinsa ya kai kimanin kwana 30, lalacewar guringuntsin kuma ta ragu. Sun gwada a guringuntsin sa, ta ratsa har zurfin milimita 1.

Ina jin haka zuciyata ta yi fari, na isar masa da saƙon mahaifiyarsa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Kawu, ka gaya wa Inna gaskiya. Bai kusa ba." Ya ce guringuntsin ɓera sirara ne ƙwarai, ɓera ba ya ɗaukar nauyin mutum, kuma raunin da aka ji masa jiya daban yake da gwiwar da ta shekara ashirin tana cinyewa. Irin wannan magani, in ya tabbata, zai fi amfanar wanda guringuntsinsa bai ƙare ba, musamman matashin da ya ji ciwo a ƙwallo ko a hatsari, tun kafin ɓarnar ta yi nisa. Ya ƙara da wani abin da ya fi ɗaure mini kai. Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Raɗaɗin daga ƙashin da ke ƙasa da fatar gaɓar da sauran naman da ke kewaye yake fitowa. An taɓa gwada wani magani mai suna sprifermin a jikin mutane, aka wallafa sakamakon a 2019: guringuntsi ya ɗan ƙara kauri, amma ciwon bai ragu fiye da na waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki ba. Abin da ya kai kasuwa zuwa yanzu, in ji shi, shi ne irin su Zilretta, wanda wani kamfani na garin Burlington kusa da Boston ya haɗa, hukuma ta amince da shi a Oktoban 2017. Ƙwayoyinsa sun fi na nano girma nesa ba kusa ba, suna narkewa sannu a hankali su rage ciwo na kimanin wata uku, ba sa gyara komai.

Ranar Juma'a muka nufi babban masallacin unguwar Roxbury, wanda aka buɗe a 2009, inda za ka ga Somaliyawa da Larabawa da mutanen Afirka ta Yamma sahu ɗaya. Jirgin ƙasan da muka shiga ya tsaya a tashar asibitin Tufts, yaron ya ce in riƙe sunan nan. A can Dokta Timothy McAlindon da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 140 masu ciwon gwiwa, rabi ana yi musu allurar sitiroid a gaɓar duk mako 12, rabi kuma ruwan gishiri, har shekara biyu. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna waɗanda aka yi wa sitiroid sun fi asarar guringuntsi, ciwonsu kuma bai fi na ɗaya rukunin raguwa ba.

Wannan magana ta hana ni sukuni har aka idar da sallah. Ka san abin da ke faruwa a gida. Mai ciwon gwiwa ya je kemis, a ƙulla masa haɗi a leda, ja da fari da ruwan ƙwai, ba suna ba takarda. A ciki akwai diclofenac ko piroxicam, sau da yawa biyun tare, a ƙara da dexamethasone ko prednisolone. Ya sha ya ji garau, ya sa wa mai kemis albarka, ya dawo mako mai zuwa. Bayan shekara ga gyambon ciki, ga hawan jini, ga sukari ya tashi, fuska ta kumbura har ana yi masa barka da ƙiba, ƙoda kuma tana lalacewa ba a sani ba. Masanan da na gani suna ƙona shekarunsu don a kai ɗigon magani inda ciwo yake kaɗai, sauran jiki ya huta. Mu kuma muna ɗura wa jiki gaba ɗaya magani mai ƙarfi kullum saboda gaɓa ɗaya. Ban ga laifin mai ciwon ba, wanda zafi ya hana barci duk abin da aka miƙa masa karɓa zai yi. Laifin yana wuyan mai sayarwa da ya san abin da ke cikin ledar.

Da yamma nakan fita bakin kogin Charles. Can za ka ga tsofaffi farin gashi fat, mata da maza, suna tafiya da sauri, wasu da sanduna biyu, wasu a kan keke. Na tambayi yaron abin da likitocinsu ke fara rubuta wa mai wannan ciwo, tunda ga su a tsakiyar kamfanonin magani. Ya ce motsa jiki, da ƙarfafa naman cinya a wajen masu gashin ƙashi, da rage ƙiba, da man shafawa mai rage zafi, da sanda. Ƙwaya ta ɗan lokaci ce, sauya gwiwa da ta ƙarfe kuma sai an kai maƙura. Wani bincike da Stephen Messier ya jagoranta a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin kusan kilo huɗu ya sauke wa gwiwarsa a kowane taku. Kuma tunda guringuntsi ba shi da jini, da motsi yake cin abinci: in an taka ya matse ruwa ya fita, in an ɗaga ya tsotso sabo. Sai na tuna yadda muke yi wa iyayenmu saboda ladabi. Da zarar gwiwa ta fara, sai mu ce Baba zauna ka huta, mu karɓe masa zuwa kasuwa da zuwa masallaci, cinya ta saki, nauyi ya ƙaru, ciwon ya yi gaba. Wannan fa ban da matan Doma da Obi da Agyaragu da ke ɗaukar doya da itace a ka tun suna 'yan mata. Su sauke musu kaya ya kamata a yi. Gwiwa tana son tafiya, ba ta son a danne ta.

Daren da zan taho yaron ya jero mini sunayen 'yan Najeriya da ke wannan fanni, na ji kunyar cewa sai da na tsallaka teku na san su. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, tana Idu a Abuja, kuma Farfesa Martins Emeje ya yi aiki a can a kan isar da magani ta fasahar nano. Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, shi da ɗalibansa sun yi bincike a kan ƙwayoyin da ke neman dajin mama su manne masa. A Nsukka akwai Farfesa Anthony Attama mai naɗe magani a ƙwayoyin maiƙo. Da jirginmu ya sauka Abuja na hau hanyar gida, tunanin da nake ta yi ke nan. Muna da Jami'ar Tarayya a Lafiya tun 2011, muna da ta jiha a Keffi. Gwiwar sa da ake kai wa mutanen Boston cikin ƙanƙara, mu kullum safiya ana saranta a mayanka. Ƙwai muna da shi. Masu ciwon kuwa ba sai an nema ba, kuma matasanmu 'yan acaɓa da ke karyewa a gwiwa a ɗaure su a wajen maɗori su ne za su cika layin asibiti nan da shekara goma sha biyar. Abin da ɗakin bincike ke buƙata shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, da firjin da zai riƙe sanyi, da sinadarai, da kuɗin da zai ɗore shekara biyar ba a yanke ba. Ina roƙon gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na garin nan su dubi wannan, ko ɗaki ɗaya ne a fara da shi.

Kai kuma, na ga yadda kake dafa bango in za ka miƙe daga tabarma. Ka je asibitin koyarwa na Lafiya, tsohon asibitin Ɗalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi a ɗauki hoton gwiwar, a auna ƙodarka da jininka, ka nemi a haɗa ka da masu gashin ƙashi, in abin ya fi ƙarfin nan ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka bar haɗin kemis. In kuma wani ya zo maka da kwalba a mota da lasifika, ko a WhatsApp, yana cewa maganin nano ne mai tsiro da sabon guringuntsi, kada ka ba shi ko sisi. Har ranar da na baro Boston, babu wata hukumar magunguna, ta Amurka ko ta Turai, da ta amince da maganin da ke mayar da guringuntsin da ya cinye.